Alkamar Orisiya Ba Ta Shiga Kundi Ba

Idan ka tambayi Orisiya Danilivna me take yi a cibiyar binciken noma, ba za ta ce maka ita masaniya ce ba. Cewa za ta yi, "Alkama nake aunawa," ta ci gaba da abin da ke gabanta. Kuma ba ƙarya ta yi ba. Tun tana budurwa har furfura ta fara cin gefen kanta aikinta ke nan. A shuka a watan Satumba, a bar ƙanƙara ta lulluɓe, a jira, a girbe a watan Yuli, a ɗora a sikeli, a rubuta. Shekara ta zagayo, a sake.

A wani ƙauye ta taso, gabas da Kharkiv. Ubanta Danilo direban injin girbi ne, mutumin da ya fi yarda da sikeli a kan bakin shugaban gona. Idan aka fara yabon amfanin bana a wajen taro, yakan tashi ya fita shan taba. Daga gare shi ta ɗauko halin. Ta yi aure sau ɗaya. Mijin ya tafi Poland aikin gini, da farko yana bugo waya, daga baya sai gaisuwa ta bakin mutane, daga baya shiru. Ba ta bi sawunsa ba. Ba su haihu ba. Abin da ta yi renonsa kamar ɗa a duniya wani irin alkama ne mai gajeren kara, mai jure fari, wanda ta yi shekara da shekaru tana haɗawa tana tacewa a gonar gwaji ta ƙauyensu.

Yaƙi ya zo ya raba ta da gonar. Yanzu filin cike yake da nakiya, an kafa jajayen alluna a bakinsa, ko kare ba ya shiga. Rufin gidansu ma ya tafi. Abin da ta fito da shi zuwa Poltava, inda aka kwaso ma'aikatan cibiyar, bai wuce uwarta Marfa ba, da akwatunan kaya, da 'yan jakunkunan iri, da sakamakon girbin shekarun baya a cikin kwamfuta. Cibiyar ta ba ta ɗaki guda a gidan ma'aikata, hawa na huɗu, banɗaki da madafi na haɗaka. Amma ɗakin na kujera ne, ba na mutum ba. Ranar da aikinta ya ƙare, ranar makulli zai koma hannun mai gadi.

Kujerar tata kuwa duk shekara biyar ake sabunta ta, kuma wa'adinta ƙarshen Afrilu ne. Sharaɗin guda ɗaya ne mai cizo: sai ta nuna maƙala a mujallar da ke cikin Kundi. Kundin nan can ƙasar waje wani kamfani ke riƙe da shi, shi yake tara sunayen mujallun da ya yarda da su. Ba wanda ya taɓa ganin fuskar masu shi a cibiyar. Amma hukuma ta riga ta yanke: abin da ya fito a mujallar da ke ciki shi ne bincike, abin da ya fito a waje takarda ce kawai.

Orisiya ba ta damu ba, domin tana da maƙala, kuma an karɓa. Duk abin da ta sani game da alkamarta ta zuba a ciki. Mujallar ta tsoho Lukiyan Fedorovich ce, ɗaya daga cikin 'yan mujallun noma na ƙasar da suka samu shiga Kundi. Shi da wata mata mai gyaran rubutu suke fitar da ita daga wani ɗan ofis kusa da tashar jirgi. An sa maƙalar a fitowar Disamba.

Da aka aiko mata da shafukan ta yi musu duban ƙarshe, sai idonta ya tsaya a kan jadawali na uku.

Gonar gwaji gida-gida ake yanka ta, kamar dara, kowane gida da turken lambarsa. A gefen kowace gona akwai shingen itatuwa da aka dasa don tare iska. Da hunturu iska kan kwaso ƙanƙara ta jibge a gindin shingen, ƙanƙarar ta narke ta jiƙa ƙasa, alkamar gidajen da ke bakin shinge ta fi sauran ƙiba. Saboda haka ba a haɗa su a lissafi. Ɗalibin shekarar farko ma ya san wannan. To, a rikicin kwashe kaya, gidajen bakin shinge na shekara guda sun shige cikin jadawalin. Sun ɗan ɗaga sakamakon. Ba da yawa ba. Ko an cire su, alkamarta tana gaban sauran.

Ta ɗauki shafukan ta hau bas zuwa wajen Lukiyan. Ta same shi da hular sanyi a cikin ofis, yana ɗumama hannu a jikin kofin shayi, domin an ɗauke wuta tun safe.

"Orisiya Danilivna," ya ce, "wannan fuskar ba ta mai kawo alheri ba ce. Zauna, ki yi mini a hankali, zuciyata ta tsufa."

Ta nuna masa jadawalin. Ya sa tabarau, ya duba, ya cire.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Ku cire ta daga Disamba. Zan sake lissafin duka, ku sa ta a fitowa ta gaba."

"Haba, 'yata. Jibi za mu kai wa maɗaba'a. Bari ta fita haka, a fitowa ta gaba mu buga ɗan gyara a shafin baya, layi biyu. Kowa haka yake yi."

"Wa ke karanta shafin baya?"

"Wa ke karanta na gaba?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ni da ke da mai gyaran rubutu. Ita ma don ana biyanta ne."

"Wani zai ɗauki lambar nan ya shuka a gonarsa, Lukiyan Fedorovich. Ban yarda sunana ya zauna a kan abin da na san ba daidai ba ne."

Tsohon ya girgiza kai. Sannan ya jawo biro ya soke sunanta daga jerin Disamba.

"Ubanki na ji labari haka yake," ya ce. "Allah Ya ji ƙansa, ya bar mana wahala."

Ta gyara lissafin cikin mako biyu, tana cajin kwamfuta a kantin magani na ƙasan gidansu, inda suke da janareta. Fitowar Disamba ta fita babu ita. Maƙalarta ta fito a fitowar farko ta sabuwar shekara, a farkon Fabrairu, tsaf, babu ko gida ɗaya na bakin shinge. Ranar ta sayo wa Marfa kek. Tsohuwar ta shafa shafin da hannu, ta ce rubutun ya yi ƙanana.

Ba a yi kwana goma ba Lukiyan ya bugo mata waya. Bai yi barkwanci ba.

"Sun cire mu," ya ce.

"Daga ina?"

"Daga Kundi. Wai muna fitowa a makare, wai marubutanmu duk 'yan gida ne, junansu suke ambata. To wa zai ambace mu? Rabin masu duba mana maƙala suna bakin daga, rabi suna Jamus suna wanke kwanuka." Ta ji yana numfashi. "Fitowar Disamba ita ce ta ƙarshe da suka ƙidaya. Daga ta Fabrairu babu."

Orisiya tana tsaye a barandar cibiyar. Ta ce, "Na gode da kuka sanar da ni." Ta kashe wayar, ta koma ɗakin awo, ta ƙarasa auna abin da ta fara.

Daga nan ta shiga buga ƙofofi. Ta rubuta wa masu Kundi, amsa ta dawo cikin minti guda, irin wadda na'ura ke aikowa, ana gode mata da tuntuɓa. Ta rubuta wa hukuma a Kyiv cewa lokacin da aka karɓi maƙalar mujallar tana ciki. Aka amsa cewa ranar fitowa ake dubawa, ba ranar karɓa ba. Ta yi tunanin aika maƙalar wata mujallar, amma abin da aka buga sau ɗaya ba a sake buga shi, wanda ya yi haka sunansa ɓarawon kansa, kuma akwai na'urar da ke kamawa. Ta yi tunanin rubuta sabuwa. Da me? Duk abin da take da shi ta riga ta zuba a waccan. Sabon sakamako sai sabon girbi, girbi sai gona, gona kuwa tana bayan jajayen alluna. Ko yau aka ba ta fili a nan Poltava, alkama ba ta san Afrilu ba, sai Satumba ake shukawa, kuma girbi ɗaya ba ya zama hujja.

Ba ta gaya wa Marfa ba. Amma ɗaki ɗaya ba ya ɓoye magana.

"Kin zuba gishiri sau biyu a miyar nan," tsohuwar ta ce wata rana da yamma, tana juya cokali a kwanon borsh. "Ko soyayya kike, ko kora za a yi. A shekarunki na san ba soyayya ba ce."

"Ci abincinki, Mama."

"Ina ci. Tambaya na yi. Takardar nan da kika sayo mini kek a kanta, ba ta yi ba?"

"Ta yi. Ba a ƙidaya ta ba ne."

"Ƙarya ce a ciki?"

"A'a."

"To me ya hana a ƙidaya?"

Orisiya ta buɗe baki za ta yi bayani, ta ga ba ta da bayanin da zai shiga kunnen matar da ta yi shekara arba'in tana tatsar shanun gonar gwamnati. Ta ce, "Ta makara da wata biyu."

Marfa ta ajiye cokali. Ta dubi taga, inda ta jera tukwanen albasa a kan dakali. Ƙafafunta sun kumbura tun zuwansu, ko jiniyar harin sama ta yi kuka ba ta sauka ƙasa, sai dai ta ja kujera zuwa lungun da babu taga ta zauna.

"Ni dai na gama ɗaure kaya," ta ce. "Sau ɗaya na ɗaure, ya ishe ni. In za su fitar da ni daga nan, su kawo akwatin gawa."

Washegari Zenon ya kira ta ofishinsa. Zenon Ilkovich shi ne sakataren kimiyya na cibiyar, duk takardun sabunta kujera ta hannunsa suke bi. Ajinsu ɗaya a jami'a, shi ya laƙa mata sunan Sikeli, kuma har yau da shi yake kiranta idan babu kowa. Ba mugu ba ne. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka ba ta ɗakin. Mutum ne da ya gane da wuri cewa idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma bai taɓa jin ciwon ƙugu ba.

"Sikeli, rufe ƙofa. Na ji labari. Wai ke da hannunki kika cire ta daga Disamba?"

"Ni ce."

"Saboda gida nawa? Huɗu?" Ya dafe kai. "Da a ce ana ba da lambar yabo ta taurin kai, da tuni mun rataya miki. To saurara. Muna da maƙala a kan takin masara, ni da yaran sashena. Wata mujalla ta waje ta ce mu yi 'yan gyare-gyare mu mayar, za ta fito a Maris. Tana cikin Kundi, na duba da safen nan, zan sake dubawa gobe. Mu huɗu ne. Akwai wurin na biyar."

"Ban taɓa shuka masara ba."

"Kin taɓa ci ai."

"Zenon Ilkovich, ban yi aikin ba."

"Ga ta nan, an koma Zenon Ilkovich, kamar ba ki san ni ba. Wa ya ce kin yi? Yau in rubuta ki, gobe ki rubuta ni. Haka rabin cibiyar nan ke numfashi. Kina tsammani darakta ya san yadda kazar da ya yi maƙala a kanta take kama?" Ya rage murya. "Irin alkamarki kuma ki kawo shi sashena, in samo miki fili a kaka. Ya zama namu tare. Abin da ya fito, sunana a ciki. Ba ƙwace ba ne, Orisiya. Jakar iri a ƙarƙashin gado ɓera take jira."

Ta tashi. Ta ce za ta yi tunani. Ya ce ranar Juma'a zai mayar da maƙalar, da sunanta ko babu.

Shekara ashirin da wani abu tana ganin ana wannan ciniki a barandar cibiyar, kamar yadda ake aron ashana. Sau da yawa an zo mata da shi. An ce ta sa sunan wane, ɗan'uwan wane ne, yana neman digiri. Ba ta taɓa yin wa'azi ba, cewa kawai take, "Bai zo gona ba," ta wuce. Abin da ya sa maƙalunta ba su da yawa ke nan, kuma abin da ya sa ba wanda yake jin ya zama dole ya taimake ta.

Ta je ta duba wani ɗakin haya a bayan gari, a gidan wata bazawara. Matar ta yi fara'a har sai da ta ji akwai tsohuwa mara lafiya, sannan ta tuna cewa ɗanta zai dawo. Ta tambayi wani kamfanin sayar da iri ko suna neman ma'aikaci. Yaron da ke kan tebur ya dubi furfurarta, ya ce za su kira. Ta koma wajen Lukiyan, ba don yana da abin yi ba, sai don ba ta san inda za ta ba. Ta same shi yana ɗaure tsofaffin fitowa da igiya. Marubuta suna ta janye maƙalunsu, fitowa ta gaba saura guda uku.

"Nan da shekara biyu za mu iya sake neman shiga," ya ce. "In ina raye. In akwai abin bugawa." Ya ɗago. "Da kin ji maganata, 'yata."

"Da na ji."

Ta taya shi ɗaure ɗauri biyu ta tafi.

Ranar Alhamis da hantsi ta hau bene zuwa ofishin Zenon. Ba ta zauna ba.

"Rubuta ni," ta ce.

Bai yi mata dariya ba, wannan kam ta yaba masa. Ya jawo takardar da marubuta ke sa hannu, wadda ke cewa kowannensu ya yi aiki a binciken kuma ya yarda da abin da ke ciki. Ta sa hannu a layi na biyar.

"Ba ni in karanta," ta ce.

"Ba dole ba ne."

"Sunana ne a kai."

Ya miƙa mata. Ta tafi ɗakin awo, ta share gefen tebur, ta zauna. Maƙalar ba ta da laifi a farko. Yaran sun yi ƙoƙari, an ga sun shiga gona da gaske. Ta bi ta layi-layi da yatsa, yadda ta saba. A shafi na shida akwai taswirar gonar gwajin, an zana gidajen, an zana shingen itatuwa a gefen arewa. Ta juya zuwa jadawalin. Ta koma taswirar. Ta sake juyawa.

Gidajen da aka zuba wa sabon takin, jerinsu guda yana bakin shinge. Kuma an haɗa shi a lissafi. Idan aka cire jerin, bambancin da maƙalar ke taƙama da shi zai ragu sosai, wataƙila ma ya ɓace.

A waje ana ta jan kwandunan ƙasa a baranda, wani yana zagin wani a kan makullin sito. Ta ɗauki shafukan ta koma sama.

Zenon yana waya. Ya ga fuskarta ya ajiye. Ta shimfiɗa taswirar a gabansa, ta ɗora yatsa a kan jerin. Ba sai ta yi magana ba, ajinsu ɗaya, malami ɗaya ya koya musu. Ya duba, nan take ya gane.

"Yaran nan," ya ce a hankali. "Wallahi ban lura ba."

Ta yarda bai lura ba.

Ya jingina da kujera, ya murza idanu. "In muka taɓa jadawalin nan, sai sun sake aika wa masu dubawa. Wata uku, wata shida. In ma sun karɓa." Ya dube ta. Babu zolaya a muryarsa. "Ni kujerata sai baɗi, zan iya jira. Ke ce mai Afrilu. Faɗi, Sikeli. Mu riƙe ta mu gyara?"

Ta dubi jerin gidajen da ke ƙarƙashin yatsanta. Ta san yadda ƙanƙara ke kwanciya a wurin, tudu guda, har tsakiyar Maris ba ta gama narkewa ba. Ta san wani manomi zai karanta, ko wani mai sayar da taki ya karanta masa. Ta tuna tukwanen albasa a kan dakali, da kujerar da ke lungun da babu taga.

Ta ɗauke yatsanta.

"Bari ta fita haka," ta ce. "Daga baya a buga gyara."

Zenon ya gyaɗa kai. Dukansu sun san ba mai karanta shafin baya na mujalla.

Maƙalar ta fito a Maris. A ƙarshen Afrilu kwamiti ya zauna, aka karanta sunanta, aka duba Kundi a kwamfuta, aka ga tana ciki. Wani farfesa mai nauyin kunne ya ce bai san Orisiya Danilivna ta koma masara ba, ya yaba mata da faɗaɗa fage. Ba wanda ya ambaci alkama. Aka ɗaga hannu, aka sabunta mata shekara biyar.

Da ta dawo gida ta tarar Marfa tana yankan ganyen albasa da almakashi.

"Mu ɗaure kaya?"

"A'a, Mama. Muna nan."

"To madalla. Sun ƙidaya takardar taki ke nan."

Orisiya ta rataye rigar sanyinta a ƙusa. Ta durƙusa ta jawo jakunkunan irin daga ƙarƙashin gado, ta duba bakin kowacce ko ɓera ya taɓa, ta jera su a bakin ƙofa. Da safe motar sashen Zenon za ta zo ɗauka.